Karen gadi da tsadar nama: a mayar da shi kan hatsi da wake, ko a nemi wata hanya?

Ƙanena yana da ɗan gidan gona a hanyar Dadin Kowa: kaji masu ƙwai, tumaki kaɗan, da karnuka biyu da ke kwana suna zagaye wurin. Kwanakin baya ya same ni bayan la'asar, ya ce, "Yaya, kuɗin kayan cikin da nake saya wa karnukan nan ya fara cin jarina. Na gani a waya wai Turawa na ciyar da nasu da hatsi da ganyaye kawai, kuma lafiya lau. In mayar da su kan masara da wake?" Na ce ya dakata tukuna mu zauna mu yi lissafi.

Masu hana karnukansu nama a Ingila ko Amurka galibi aƙida ce ke sa su, tausayin dabbar da ake yankawa ko damuwa da muhalli. Mu a Gombe aljihu ne ya kawo maganar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, wanda iyalinsa ma ba kullum suke ganin nama a miya ba, ina zai samo na kare? Sai dai duk wanda ya ɗaure dabba ya hana ta fita neman abinci, haƙƙin cikinta ya hau kansa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha ya ishe mu tsoratarwa.

Me cikin kare ke iya narkarwa?

Kare jikan kyarkeci ne, amma dubban shekarun da ya yi yana bin mutane yana cin ragowarsu sun sauya masa ciki. Wani bincike da masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka fitar a 2013 ya gano cewa ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci yana da kwafinta 2 ne, karnuka kuwa daga 4 har zuwa 30. Shi ya sa tuwo ke karɓar kare. Kyanwa ba haka take ba, ita dole sai da nama, don haka kada kowa ya ɗauki wannan bayani ya gwada a kanta.

Iya narkar da tuwo daban, samun duk abin da jiki ke nema daga tuwo daban. Ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ta ƙayyade cewa abincin babban kare, idan aka cire ruwan cikinsa, ya kasance aƙalla kashi 18 cikin 100 furotin ne. Na kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa kashi 22.5. Bayan furotin akwai bitamin B12, wanda babu shi a tsirrai. Akwai bitamin D, wanda fatar kare ba ta iya haɗa isasshe daga hasken rana kamar tamu, dole ya zo ta baki. Sannan kalsiyam na ƙashi da zinki na fata.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Hanyoyin ciyar da kare biyar na kwatanta, kuma abubuwa biyar na duba a kowane zaɓi: ko abincin ya cika, nawa zai ci a wata, ko yana jure ajiya a zafin Maris da Afrilu da wutar da ba ta zama, wahalar haɗa shi kullum, da haɗarin da ke ciki ga karen da kuma yaran gida. Farashin kasuwa yana sauyawa tsakanin kaka da bazara, shi ya sa zan ba da yawan kayan, kai ka ninka da farashin da ka tarar a kasuwar Tudun Hatsi a ranar. Lissafin duka na kare mai nauyin kilo 20 ne, wanda ke buƙatar kalori kusan 1,000 a rana.

Na ɗaya: ragowar abincin gida

Wannan shi ne abin da yawancin karnukanmu ke ci, ƙanzo da ragowar tuwo da shinkafa, wani lokaci da ɗan ƙashi. A gaskiya karen da ke kan wannan abinci ya daɗe da rabuwa da nama, mai shi ne bai lura ba. Ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar aiki. Amma furotin ɗin masara bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, na gero kusan 11, rabin abin da ake nema ke nan. Karen ƙauye da ke yawo yana cike giɓin da ɓera da ƙadangare da abin da ya tsinta a bayan gari. Wanda ke ɗaure a sarƙa ba shi da wannan dama.

Ga kuma miya. Abincin wani gubar wani: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali har jininsa ya yi ƙasa, kuma wace miya ce tamu ba albasa? Gishiri da magi sun yi masa yawa. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya yi tsini ya soki hanji. Goro da cakulan da inabi, ko da busasshe ne, duk a nisanta su da shi.

Na biyu: tsirrai zalla, dafawar gida

Nan ne tambayar ƙanena take, don haka zan daɗe a kai.

Mu fara da furotin. Farin wake yana da kusan kashi 24 cikin 100. Idan ka haɗa masara kashi biyu da wake kashi ɗaya a nauyi, abin da za ka samu kashi 14 ne, bai kai 18 ba. Kafin wake ya kai ka ga ma'aunin sai ya zama ya fi masarar yawa a tukunya, kuma karen da ya ci wake haka kullum zai yi ta kumburin ciki da zawo. Waken suya ya fi shi nesa ba kusa ba, furotin ɗinsa yana tsakanin kashi 36 da 40. Masara biyu, waken suya ɗaya, ya ba ka kusan 19, ka haye da ƙyar. Karen kilo 20 zai ci busasshen haɗin nan kusan giram 300 a rana, wato kilo 6 na masara da kilo 3 na waken suya a wata. Ta fuskar kuɗi babu zaɓin da ya kai shi sauƙi in ban da ragowar gida, kuma busasshen hatsi yana ajiyuwa wata da watanni.

Waken suya dole ya dahu sosai, ko a soya shi kafin a niƙa a dafa, domin ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin. Awara ma ta yi, kafin a soya ta a mai a barbaɗa yaji.

To amma furotin ba dunƙule ɗaya ba ne. An gina shi da ƙananan tubala, guda 10 daga ciki jikin kare ba ya iya ƙera su da kansa. Hatsi yana da ƙarancin wanda ake kira laisin, dangin wake kuma suna da ƙarancin metiyonin. Haɗa su yana rage matsalar, amma metiyonin kan rage ƙasa-ƙasa, kuma daga gare shi ne jikin kare ke haɗa torin, sinadarin da tsokar zuciya ke dogaro da shi. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta buɗe bincike kan karnukan da zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni, bayan an lura da yawansu suna cin abincin kamfani da aka cika wa dangin wake. Binciken bai tabbatar da cewa waken ne sanadi ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Ƙari a kan haka, hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe zinki da kalsiyam ya hana su shiga jini. Jiƙa hatsi ya kwana ko ya yi tsami irin na kamu yana rage shi. B12 da bitamin D kuwa, ko ka dafa buhun waken suya guda ba za su fito ba.

To Turawan da ƙanena ya gani fa? Maganarsu tana da tushe. A 2009 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostareliya da karnuka 12 masu tseren jan kaya: rabinsu suka yi makonni 16 a kan abinci marar nama da aka haɗa da waken suya da furotin masara, kuma jininsu bai ragu ba, lafiyarsu ba ta taɓu ba. A 2022 wani bincike daga Ingila ya tattara bayanan karnuka 2,536, ya nuna masu cin tsirrai zalla ba su fi sauran rashin lafiya ba, kodayake masu karnukan ne suka ba da amsoshin da kansu, ba gwajin asibiti aka yi ba. Abin lura shi ne abincin gwajin Ostareliya masana ne suka auna shi suka cike masa duk sinadaran da tsirrai ba su da su. Ko a kamfanonin ma ana kuskure: a 2015 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada nau'i 24 na abincin karnuka da kyanwoyi marar nama, 6 daga ciki ba su cika ma'aunin tubalan furotin ba. A wannan jami'ar dai aka duba hanyoyi 200 na dafa wa kare abinci a gida a 2013, kashi 95 cikin 100 akwai aƙalla sinadari ɗaya da suka gaza. Idan girkin da aka rubuta a littafi ya gaza haka, ina ga wanda muke aunawa da ido?

Haɗarin da ya fi tayar mini da hankali a wannan zaɓi ma bai shafi bitamin ba. Funfuna ce. Masara da gyaɗa da aka ajiye da danshi suna kama wata funfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ta fi saurin kayarwa. Dafuwa ba ta kashe ta. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka bayan cin abincin buhu da aka yi da gurɓatacciyar masara. Mu kuwa al'adarmu, hatsin da ya ɓaci wanda ba za mu ci ba shi muke ware wa dabbobi. Ƙulikuli yana da furotin sama da kashi 40, abin sha'awa ne, amma idan ba ka san irin gyaɗar da aka yi shi da ita ba, bar shi. Haka waken da aka zuba wa fiya-fiya don ƙwari. Karen da ya ƙi abinci, yana amai, farin idonsa ya koma ɗorawa, a garzaya da shi asibitin dabbobi a ranar.

Wanda ya dage kan wannan hanya, ƙwayar bitamin da ma'adinai ta karnuka ta zama masa tilas kullum, kuma likitan dabbobi ya duba haɗin. Gargaɗi na musamman ga masu kaji irin ƙanena: kada a ɗebi abincin kaji ko garin bitamin ɗinsu a zuba wa kare. Wasu ana sa musu maganin kashin jini na kaji irin su monensin, wanda guba ne ga kare.

Na uku: hatsi da waken suya, da ƙwai ko ɗan kifi a kai

Tukunyar dai ita ce ta sama, sai a ƙara dafaffen ƙwai biyu a rana, kiret biyu ke nan a wata. Kowane ƙwai yana da giram 6 na furotin mai inganci, yana da metiyonin ɗin da wake ya gaza, gwaiduwarsa kuma tana kawo kaso mai kyau na bitamin D. Ɓawon ma kada a zubar. A tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam, karen kilo 20 kuwa giram ɗaya da kwata yake buƙata a rana. A jefa kabewa ko karas ko dankali a tukunyar, da ɗan cokalin mai. Kindirmo kaɗan yana karɓar karnuka da yawa, ɗanyar madara ce ke sa wasu zawo.

Inda ƙwai ya gaza shi ne B12, biyu a rana ba sa kaiwa. Ko dai a ci gaba da ƙwayar bitamin, ko a sassauta sharaɗin "ba nama" kaɗan: dafaffiyar hantar sa giram 100 a mako, a raba biyu, ta rufe B12 da bitamin A gaba ɗaya. Yanka ɗaya ne wajen mahauci. Kada a wuce haka da yawa, hanta in ta yi yawa bitamin A ɗinta kan zama cuta. Mutanen da ke kusa da madatsar Dadin Kowa suna da wata sa'ar, ƙananan kifi da ake dafawa su narke da ƙayarsu suna maye gurbin ƙwan a wasu ranaku. Busasshen kifin kasuwa kuwa a shinshina shi, mai warin maganin ƙwari a bar shi.

Mai gidan kaji yana da fasassun ƙwan da ba sa sayuwa, shi kusan kyauta wannan zaɓin yake zuwa masa. Wanda zai saya ma, fasassu sun fi araha, sai dai a dafa su a ranar. Wahalarsa ita ce girki kullum, domin dafaffen waken suya ba ya kwana lafiya a zafin Gombe in ba firij.

Na huɗu: hatsi da kayan ciki daga kwata

Huhu, tumbi, zuciya, ƙoda da kawunan kaji, a dafa da garin masara ko dawa. Furotin, B12, zinki da torin duk suna ciki, kare kuma yana cinsa da marmari. Ya fi na uku tsada, ba ya ajiyuwa, kuma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka garin ɓawon ƙwai nan ma dole ne. Kwikwiyon da aka tashe shi da nama zalla ƙasusuwansa kan yi laushi su lanƙwashe.

Sharaɗi ɗaya ba ya ɗaguwa: a dafa har ya dahu. Huhu ko hantar da ke da ƙulluwa mai ruwa a ciki, wadda mahauta ke yankewa su jefar, 'ya'yan wata tsutsa ne a cikin ƙulluwar. Kare ya ci ta ɗanya, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita ta kashinsa, daga nan su shiga tumaki ko yaron da ya yi wasa da ƙasa bai wanke hannu ba, su zama ƙulluwa a hantarsa ko huhunsa. Mushen kaza ko na tunkiya ma a binne shi, ba abincin kare ba ne.

Na biyar: abincin buhu na kamfani

Ya fi kowanne sauƙi, a auna a zuba. Mai kyau an riga an cike masa komai. Karen kilo 20 yana cin kusan giram 300 a rana, buhun kilo 15 zai yi masa mako bakwai. Shi ne mafi tsada, kuma na waje farashinsa dala yake bi. A duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da rubutun da ke nuna cikakken abinci ne bisa ma'aunin AAFCO ko takwararta ta Turai, FEDIAF. Wanda ake ɗiba a ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, ni ba na saya. Da zarar an buɗe buhu, man cikinsa kan fara ɓaci da zafi, a rufe shi a bokiti mai murfi a inuwa. Nau'in da ba nama a ciki, irin wanda Turawan ke amfani da shi, ban taɓa cin karo da shi a shagunan garin nan ba.

| Zaɓi | Cikar abinci | Kuɗi | Ajiya | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ragowar gida | Bai cika ba | Kusan kyauta | Ba ya kwana | Babu | Albasa, ƙashi, rama |
| Tsirrai zalla | Sai da ƙwayar bitamin | Araha | Busasshe yana daɗewa | Girki da awo kullum | Funfuna, rashin B12 da D |
| Hatsi, waken suya, ƙwai | Ya kusa cika | Matsakaici | Ƙwai 'yan kwanaki | Girki kullum | Funfuna, ƙarancin B12 |
| Hatsi da kayan ciki | Mai kyau, sai kalsiyam | Ya ɗara matsakaici | Sai da firij | Zuwa kwata da girki | Tsutsa idan bai dahu ba |
| Abincin buhu | Cikakke idan mai kyau ne | Tsada | Makonni bayan buɗewa | Kaɗan | Jabu ko wanda ya lalace |

Wane ne ya dace da wa?

Babban karen gida mai lafiya, mai gadin gida ko gona, a hannun wanda kuɗi ya yi wa ƙaranci: na uku, da ɗan yankan hanta a mako. Shi na ba ƙanena shawara, tunda ƙwai na hannunsa. A ganina rage nama ya koma giram 100 a mako ya fi cire shi gaba ɗaya hikima, domin bambancin kuɗin kaɗan ne, bambancin haɗarin kuma babba.

Kwikwiyo, da karya mai ciki ko mai shayarwa: kada a gwada musu tsirrai zalla ko kaɗan. Abincin buhu na kwikwiyo idan da hali, in babu to na huɗu haɗe da ƙwai. Manyan karnukan waje irin Alseshiyan, 'ya'yansu kalsiyam in ya yi yawa ma yana ɓata musu gaɓoɓi, don haka su kam likita ne zai auna.

Karen farauta ko mai bin shanu daji yana ƙona ƙarfi fiye da na ɗaure, na huɗu ne nasa, da ƙarin kitse a lokacin aiki.

Karen da likita ya tabbatar jikinsa ba ya son naman kaza ko na sa, yana ƙaiƙayi yana zubar da gashi, shi ne wanda abinci marar nama zai iya zame wa magani, amma likitan ne zai tsara. Kafin a zargi abinci a fara duba kaska da ƙuma, su suka fi yawa a nan.

Ma'aikacin da ke fita da safe sai dare, ko mai barin kare a hannun maigadi: abincin buhu, ko rabi buhu rabi dafawar gida don ya daɗe.

Duk wanda ka zaɓa, a sauya a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon ana rage tsohon. Bayan wata ɗaya ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan a hannu ba tare da ka hango su daga nesa ba. Ka ɗaga leɓensa, dasashi ya zama ja-ja, in ya yi fari jini ya yi ƙasa. Ka dubi gashi da kashi, da ko yana tashi da kuzari idan baƙo ya taɓa ƙofa. Maganin tsutsa duk wata uku, allurar haukan kare duk shekara, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take samarwa, da ruwan sha mai tsabta a inuwa wanda ba ya yankewa daga Maris zuwa saukar damina.